Bintu Mai Awaki da Waliyyin Ɗakin Baya

A Rijiyar Dogo, wani ƙauye da ke gabas da Kanan-Bakashe, ba a cewa Bintu tana da arziki, sai dai a ce tana da awaki, kuma awakin ma ba a gidanta suke ba. In ka leƙa garkenta 'yan kaɗan za ka gani, da wani tsohon bunsuru mai wari. Sauran suna warwatse a gidajen mutane, daga nan har Gidan Amumune. Kiwo take bayarwa. Sai ta ja jar akuya budurwa ta kai wa matar da ba ta da ko kaza, ta ce mata haihuwar farko tawa, ta biyu taki, nono kuwa ki sha ke da 'ya'yanki. Da akuya ɗaya ta fara, wadda kakarta ta ba ta tana amarya. Da wannan sana'a ta aurar da 'yan matanta uku bayan rasuwar mijinta Jibo, da ita ta je Makka ta dawo da haƙori mai walƙiya. Ba ta taɓa shiga lakwal ba, wato makarantar boko, amma ta san wadda za ta ba akuya da wadda za ta ba haƙuri. Takan ce ita ba akuyar take dubawa ba, mai riƙon take dubawa, yadda take ɗaura zani da yadda take rufe tukunya.

Abu ɗaya ne ya gagari dabararta, ɗanta na fari, Rayyanu.

Bintu mutuniyar da ce wajen kunyar ɗan fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, kakarsa ce ta goya shi. In dole ta ambace shi sai ta ce "wancan". Ranar da zai tafi haƙar zinariya can arewa, bayan Agadas, ba ta raka shi ba. Cewa ta yi za ta duba wata akuya mai ciki, kuma aka yi dace gidan mai akuyar yana bakin hanyar da motar za ta bi, aka kuma yi dace ta tsaya a nan har ƙurar motar ta kwanta.

Bayan shekara biyu ya dawo. Rami ya rufta da shi da abokansa uku, shi kaɗai aka ciro da rai. Ya gai da mutanen gida, ya sha fura, ya shiga ɗakin baya inda ake ajiye dusa da harawa, ya zauna yana kallon bango. Kwana ɗaya, kwana biyu, sati. In an kai tuwo ya ci loma uku. In an yi masa magana ya dubi mai maganar kamar daga ƙasan rijiya yake hango shi.

Ran kwana na tara Alhaji Alkasim, maƙwabcinsu dillalin raƙuma, ya shigo yi wa yaro barka da zuwa.

"Hajiya, ina mutumen arewa? Ko zinariyar ce ta yi mashi nauyi ya kasa hitowa?"

Bintu tana tsaye da akushin dusa a hannu. Kalma biyu ce a bakinta. Ɗaya ita ce wadda ake faɗa a kan mutumin da ke yawo a kasuwar Mayahi da gwangwanaye a wuya, wadda in ta manne wa gida sai ta bi jikoki. Sai ta ɗauki ɗayar.

"Shina halwa," in ji ta.

Ita ƙaryar sati guda ta yi niyya. Amma a satin nan raƙumin Alkasim ya ɓace. Alhaji ya zagaya bayan ɗakin, ya durƙusa a gindin taga, ya faɗi bukatarsa da ladabi, bai ji amsa ba, ya ce shirun manya amsa ne. Kwana biyu raƙumi ya dawo gida da kansa, kamar yadda raƙuma suka saba yi tun kafin a haifi Rayyanu. Alkasim ya kawo zakara fari. Kafin kaka ta yi, mata masu neman haihuwa suna zuwa daga Sarkin Hausa a kan amalanke, 'yan kabu-kabu sun san gidan ba sai an yi masu kwatance ba, ɗalibai masu jarrabawa suna tura alƙalumansu ta ƙasan ƙofa su kwana su ɗauka. Wanda bukatarsa ta biya ya ba da labari, wanda tasa ba ta biya ba ya ce zuciyarsa ce ba ta da tsabta.

Bintu ta zama Innar Malam. A wajen suna ita ake shimfiɗa wa tabarmar gaba, ita ake fara miƙa wa ƙwarya. A kasuwa aka daina taya awakinta da wulaƙanci, don an ce akwai albarka a jikinsu. Abin yana cin ta, wannan gaskiya ne. Kullum in ta kai tuwo ta ga wuyan wancan ya ƙara tsawo, sai ta fito ta tsaya a garke tana zagin bunsuru har idonta ya bushe. Amma a shekarar ce kuma ta sayi farin mayafi mai aiki a baki, irin wanda ya dace da uwar bawan Allah, kuma ba wanda ya tilasta mata.

Ta nemi magani a ɓoye. Ta karɓo rubutu daga garuruwan da ba a san ta ba, ta karɓo hayaƙi, ta karɓo saiwoyi, kullum da sunan ɗan wata ƙawarta. Da duk suka ƙi ci, ran wata kasuwa ta shiga likita, ɗan asibitin yankin, ta sami majo, babban ma'aikacin wurin, ta ce ƙafarta ke ciwo. Yana duba ƙafar ta ce:

"Wata mata ce can wajen Tasawa, ɗanta ya daina magana. Ba bebe ba ne. Ya dai daina."

"A kai shi Maradi, Hajiya, ko Yamai. Akwai masu duba irin wannan."

"In ba shi kaiwuwa hwa?"

"To sai dai a sami infirmiye, ma'aikacin jinya da ya karanci lafiyar ƙwaƙwalwa, ya riƙa ganinsa a nan. Mu kuwa ba mu da shi. Ko ɗaya."

"Ina ake samun su?"

Majo ya yi dariya. "Ba a kasuwa ba dai. Karantawa ake, shekara uku."

Bintu ta mayar da ƙafarta cikin takalmi. Shekara uku haihuwar akuya huɗu ce, in damina ta yi kyau. A hanyar gida ta gama tunaninta. In babu irin akuyar da kake so a garinku, ba ka zuwa Maradi kullum shan nono. Ƙarama kake nema ka ba da kiwo. Kai wancan zuwa asibitin birni yana nufin mota, da direba mai baki, da fasinjoji masu ido. Ya kuma nufi ita Bintu ta tsaya gaban baƙo ta ce ɗana ne, ga sunansa, ina jin tsoro. Biyan karatun shekara uku ya fi mata wannan sauƙi nesa ba kusa ba.

Sai ta sa aka faɗa a gari cewa Innar Malam za ta ɗauki nauyin karatun yarinya ɗaya, saboda Allah. 'Yan mata uku masu bak, takardar gama sakandare, suka zo, waɗanda rashin hali ya zaunar a gida. Bintu ba ta dubi takardunsu ba, don ko ta duba zanen ƙafar kaza za ta gani. Ta kira su ɗaya bayan ɗaya cikin ɗaki, ta ba kowace asiri, ta ce kada kowa ya ji. Ta farko ta ce mata wani mai raƙuma daga Tanut yana neman aurenta. Ta biyu ta ce mata tsohon bunsurun nan ba ya iya komai, suna kawai yake ci. Da ta zo kan ta uku ƙarya ta ƙare mata, sai ta ji bakinta ya faɗi gaskiya: haƙorin Makkan nan ba zinariya ba ne, na asalin ya faɗa rijiya, wannan a Maradi wani maƙeri ya yi mata shi.

Zancen mai raƙuma ya isa bakin rijiya kafin azahar. Na bunsuru ya yi kwana biyu, ya kuma jawo mata asara, don mata sun daina kawo awakinsu barbara. Na haƙori ta jira shi wata guda bai fito ba.

Yarinyar sunanta Rahina, ɗiyar wani mai gyaran amalanke, doguwa, mai kallon mutum cikin ido kamar tana jiran ya gama ƙaryarsa. Shekara biyu tana zaune a rumfar yayanta tana sa wa mutane cajin salula.

"Mi kike son karantawa, ɗiyata?"

"Aikin ungozoma, Inna."

"Haihuwa kowa ya iya, awakina ma ba su neman taimako. Kai za ki karanta. Ciwon da ke shiga cikin tunani."

Idon Rahina ya yi wajen ɗakin baya, ƙiftawa ɗaya, ya dawo. "To, Inna."

"Sharaɗina ɗaya ne, irin na kowa. Haihuwar hwarko tawa ce."

"Inna, karatu za ni, ba aure ba."

"Na sani. Mutum na hwarko da za ki duba in kin gama, ni zan nuna maki shi. Daga nan sauran naki ne, ki duba duk duniya."

Haka Rahina ta tafi Yamai, wata makarantar koyon aikin lafiya. Duk lokacin da aka koma karatu, sai a ga Bintu ta bi gidajen masu kiwo ta karɓo rabonta, ta kora kasuwa. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Amma mai ba da kiwo ba ya sakin dabba shekara guda bai gan ta ba, don haka bayan kaka ta hau mota, da buhun ƙuli-ƙuli da kwalbar man shanu, ta yi yini guda a hanya.

Da ta ga Rahina a ƙofar makaranta, kafin gaisuwa ta kama hannunta ta matsa dantse, ta ja fatar idonta ta leƙa, ta ce ta yi tafiya ta gani. Daga nan ta ce a kai ta wajen mai wurin.

Direktan mutum ne mai ƙiba da tabarau, ya tashi ya tarbe ta da fara'a. Bai gama sannu da zuwa ba ta ce:

"Na ba ku kiwo kun ramar mani."

"Hajiya?"

"Da na kawo ta wuyanta ba haka shike ba. Mi kuke ba ta? Kai ga ka nan tubarkalla, ashe akwai abinci a gidan."

Rahina ta sunkuyar da kai tana kallon takalminta. Direkta ya yi tari, ya yi bayanin cewa karatu ne ke cin jiki, kuma yarinyar tana cikin na gaba a ajinsu. Bintu ta juya gare ta.

"To mi kika koya? Kin iya allura?"

"Na iya, Inna. Amma a namu fannin ba ita ce babba ba."

"Mi ne ne babba?"

"Saurare. Ka zauna da mutum, ka bar shi ya yi magana, ko ya yi shiru, kada ka cika masa kunne."

Bintu ta daɗe tana kallonta. "Na sai da jar akuyata mai haihuwar tagwaye don a koya maki yin shiru. Da kin hwaɗa mani, ai da akwai mai koya maki kyauta a gida."

Ta faɗa kafin ta ji abin da ta faɗa. Rahina ba ta ɗaga kai ba.

Direkta, wanda bai san dawan garin ba, ya ce shi abin da ya burge shi shi ne a sami mace daga ƙauye ta ba da burs, ta ɗauki nauyin karatun wata, a fannin da ko masu kuɗin birni ba sa waiwaya. Ya ce zai kira 'yan rediyo. Bintu ta ce a'a, abin Allah ba a yi masa shela. Ya ce sunanta kawai za a faɗa. Ta ce a'a. Ya ce to shi ke nan. Sai ta ce in dai dole ne, a ce Hajiya Bintu Jibo ta Rijiyar Dogo, don akwai wata Bintu a Gidan Amumune mai sayar da daddawa, kada lada ya ɓace hanya.

Kafin ta iso gida labari ya riga ta. Mata suka cika tsakar gida. Wata ta yi tambayar da Bintu ta kwana biyu tana tsoro: duk cututtukan duniya, me ya sa ta zaɓi na masu taɓin hankali? Kafin Bintu ta buɗe baki, sai Alkasim ya amsa daga zaure.

"Ku ba ku gane ba. Wadda Allah ya ba ɗa mai cikakken hankali irin Malam, dole ta tausaya ma waɗanda nasu ya zube. Zakka ce take hiddawa."

Kowa ya ce haka ne. Tabarmar Bintu ta ƙara matsawa gaba.

Shekara uku suka cika. Rahina ta dawo da diplom, aka kuma yi sa'a aka turo ta likitar da ke kusa da su, aka ba ta ɗan ɗaki a ƙarshen baranda da benci a ƙofarsa. Ba a daɗe ba mutane suka san bencin na su wane ne, har mai ciwon ciki in ya gaji da tsayuwa gara ya zauna a ƙasa.

Bintu ta aika mata ta zo da hantsi, lokacin da maza ke gona, ta shigo ta ƙofar garke da ƙwarya a hannu kamar mai sayen nono. Da ta zo, Bintu ta yi ta kewaye-kewaye, ta yi zancen damina, ta yi zancen tsadar dusa, sannan ta nuna ɗakin baya da haɓa.

"Haihuwar hwarko."

"Na sani, Inna."

"Kin san mi?"

"Tun ranar da kika ce kai zan karanta. Salularsa tana rumfarmu, shi ya kawo caji ranar da ya sauka daga mota, bai dawo ya karɓa ba. Na ga idonsa ranar."

"Shekara nawa kina sane ba ki hwaɗa ma kowa ba?"

"Ba ki tambaye ni ba. Zancen haƙori ma ba wanda ya tambaye ni."

Rahina ta shiga. Bintu ta zauna a bakin garke tana tsefe igiyar da ba ta kulle ba. Ba ta ji komai ba sai kukan kurciya. Bayan awa guda yarinyar ta fito ta ce za ta dawo jibi. Ta dawo jibi, ta dawo gata, ta yi ta sayen nono har maƙwabta suka fara cewa ma'aikatan gwamnati sun fi kowa son fura. A zuwa na shida Bintu ta ji wata murya ta cikin bango, ƙasa-ƙasa, a shaƙe, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba. Ta tashi da sauri ta shiga garke ta kama bunsuru da faɗa.

Ran nan Rahina ba ta tafi da wuri ba. Ta ajiye ƙwarya ta zauna kusa da ita.

"Inna, ciwonsa yana da magani. Ba zai tafi rana ɗaya ba, amma yana da magani. Akwai ƙwayoyi da zai riƙa sha, sai an buɗe masa karne, katin marar lafiya, a likita, babban likita mai zuwa duk wata ya gan shi."

"Ki kawo ƙwayar cikin ƙwarya."

"Ko na kawo ba za ta isa ba. Ɗakin nan yana cikin ciwon. Ya ce mani bara ya taɓa fitowa da safe, yana son ya ga gona. Bai kai ƙofar gida ba mata uku suka faɗi suna shafa ƙafarsa, wani ya yanki bakin rigarsa da reza. Ya koma. Ya ce kullum mutane suna zuwa taga suna zuba masa mutuwa da rashin haihuwa da ɓatan dabbobi, shi da ko barci ba ya iya yi saboda mutum uku da ya bari a rami."

Rahina ta ci gaba.

"Dole a daina zuwa tagar nan. Dole ya fito ya zama mutum kamar kowa, wanda ba shi da lafiya yana shan magani."

"A bencin nan naki."

"A bencin nan nawa."

"Ba za ki iya warkar da shi a bar mutane da abin da suka sani ba? Wa ya cuta? Raƙumi dai ya dawo."

Rahina ta dube ta irin kallon nan nata. "Inna, in tambaye ki? Warkewa kike so ya yi, ko so kike ya riƙa cin tuwo da yawa yana nan a waliyyinsa?"

Da wata ce ta faɗi haka da ta bar gidan ba ɗankwali. Bintu ta miƙe tsaye, ta ce ita tun da take ba da kiwo ba a taɓa dawo mata da dabba mai tunkuyi irin wannan ba, ta ce ashe abin da ake koyarwa a Yamai ke nan, ba shiru ba, rashin kunya. Rahina ta ɗauki ƙwaryarta ta ce sai jibi.

Abin da ya fi ba Bintu haushi shi ne ta tsaya neman amsar tambayar a ranta, ta kuma daɗe ba ta same ta ba. Ta ga tabarmar gaba. Ta ga yadda dillalai ke sauke murya in ta iso. Ta ga kuma cewa shekara biyar ke nan tana iya kai wa ɗan farinta tuwo da hannunta a gaban kowa, ba mai cewa ta yi rashin kunya, don ba ɗanta take yi wa hidima ba, Malam take yi wa. Wannan na ƙarshen shi ya fi wuyar saki, kuma shi ne ba za ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Washegari Alkasim ya shigo da rago, zai tafi fatauci yana son a sa masa albarka. Bintu ta tare shi a zaure.

"Alhaji, mai da ragonka. Wancan ba halwa shike ba. Ba shi da lahiya. Tun da ya dawo ba shi da lahiya, ni na yi ƙarya."

Alkasim ya yi murmushi, ya gyaɗa kai a hankali. "Haka suke. In sun kai wani matsayi sai su sa a ɓoye su. Shi ya ce ki hwaɗi haka ko?"

"Ni na ce. Kansa ne ya taɓu."

"Allahu akbar. Dubi tawali'u." Ya ɗaure ragon a turke ya tafi.

Ta faɗa wa mata a bakin rijiya, suka ce Innar Malam tana gwada imaninsu. Ta faɗa wa liman, ya ce shi dama bai taɓa cewa komai ba, amma matarsa ta sami ɗa namiji bara. Ƙaryar da ta yi cikin numfashi ɗaya ta yi saiwar da gaskiya ta sati biyu ta kasa tumɓukewa.

Don haka ranar da babban likita zai zo, wadda ta faɗo ranar kasuwa, Bintu ta sa aka ɗaura wa jaki amalanke. Rahina ta shiga ɗakin baya ta daɗe, sannan suka fito tare. Rayyanu ya tsaya a tsakar gida yana kare ido da hannu, dogo, siriri, gemu har ƙirji. Ya hau amalanke ya zauna. Bintu ba ta hau ba. Ta ja akuya ɗaya ta bi su a baya da tazarar taki ashirin, yadda duk wanda ya gani zai iya cewa kasuwa za ta, in yana da kirki.

Ba su fita gari ba sai da jama'a ta biyo su. Alkasim ne a gaba, ya fasa tafiyarsa. Aka yi ta hasashe a hanya, wasu suka ce Malam zai je ya yi wa marasa lafiya addu'a ne. Da aka isa likita, Rayyanu ya sauka, ya bi baranda har ƙarshe, ya zauna a bencin, kusa da wata tsohuwa mai magana da zaninta. Jama'a ta tsaya cirko-cirko a rana. Bintu ta ɗaure akuyarta a gindin bedi, ta zo ta wuce ta gabansu, ta zauna a ɗaya ƙarshen bencin, ta juya masa ƙeya kamar yadda ya kamata.

Rabin mutanen suka gane a nan take, suka sulale kasuwa da labari a baki. Alkasim bai gane ba. Da aka gama da Rayyanu ya fito da ƙwayoyi a takarda, Alhaji ya kutsa ɗakin ya ce a ba shi irin wadda Malam ke sha, ko guda ɗaya. Rahina ta ce ya zauna tukuna, ta tambaye shi yadda yake barci. Mutumin da ya shiga don minti ɗaya sai da aka yi azahar ya fito, yana share hanci da bakin rawani, ya ce ƙurar ɗakin ce.

Sauran ya zo a hankali. An daina zuwa taga, sai wata tsohuwa daga Sarkin Hausa da ba ta ji labari ba. A wajen suna Bintu ta koma tabarma ta uku, kusa da masu daka. Wasu suka mayar mata da awakinta, wai kada abin ya bi nono. Ta karɓa ta ba wasu. Akwai ranakun da Rayyanu ke komawa ɗakin ya rufe, ta kai tuwo ta ajiye a ƙofa ta aika a kira Rahina, yanzu ta ƙofar gaba. Amma ranakun da yake fita sun fi yawa. Ya aske gemu, ya fara zuwa gona, daga baya ya karɓi kai awaki kasuwa.

A nan ne sabuwar matsala ta ɓullo. Wata ranar kasuwa da la'asar Bintu ta iso likita, ta sami Rahina tana rufe ɗaki, ta zauna a benci ba a ce ta zauna ba.

"Wancan ya sai da mani akuya yau."

"Madalla, Inna."

"Ba madalla ba. Ya hwaɗa ma mai saye tana tari. Wa ya tambaye shi? Da muka dawo ya zaunar da ni, wai rabon da nike yi da masu kiwo bai yi ba, su ke shan wahalar rani, haihuwar hwarko ya kamata ta zama tasu. A gaban mutane. Ni da na yi shekara arba'in ina wagga sana'a."

"Me kika ce masa?"

"Mi zan ce? Ina iya yin gardama da ɗan hwari? Na shiga ɗaki." Ta gyara mayafi. "Ba ki da wata ƙwaya da ke rage magana kaɗan? Ba duka ba. Kamar rabi."

"Babu, Inna."

"Shekara uku a Yamai."

Ta tashi ta kwance jakinta. A bakin hanya Rayyanu yana tsaye yana jiran ta, yana yi wa wani mai kabu-kabu bayanin abin da ke damun injinsa, mutumin yana ta neman hanyar tafiya. Bintu ta rage sauri don kada ta iso kafin ya gama.